Yanda zaka riƙe ilimin injin da kake ƙerawa, kar wataran ya tafi da mutum ɗaya

Salamu alaikum 'yan uwa masu walda da ƙere-ƙere, musamman mu na ƙauye da muke haɗa injin bugun shinkafa, na ɓarar gyaɗa, na sussukar masara da makamantansu. Rubutun zai ɗan yi tsawo, dan Allah a daure a karanta, abu ne da ya taɓa ƙona ni.

Maigidana da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, nan yankin Kura yake, shekara da shekaru yana kan injin bugun shinkafa guda ɗaya, ya canza nan ya canza can, har ta kai manoman Kadawa da Garun Malam da Bunkure layi suke a kansa in girbi ya zo. Bai taɓa rubuta komai ba, komai yana ka. In ka tambaye shi awo sai ya ɗau alli ya zana a ƙasa ko a jikin ƙofar shago, washegari an share. Da ya rasu muka ce ai ba matsala, ga inji a gabanmu ga tef, muka auna komai muka haɗa sabo. A cikin murfin gangar, wato abin nan mai haƙora da yake juyawa yana bugun shinkafa, akwai wasu fikafikan ƙarfe a karkace, su suke tura ciyawa tana tafiya har bakin fita, to biyun ƙarshe mun gansu sun ɗan miƙe ba kamar sauran ba, muka ce tsufa ne ko duka suka sha, sai muka yi su duk bai ɗaya, mu ala dole mun gyara wa Baba aiki. Wallahi da aka kai injin nan gona ciyawa ce take fitowa da shinkafa fal a jikinta, mata masu kala sai murna suke, mai gona kuwa kamar ya cinye mu ɗanye. Mun canza fuli, wato faifan da bel yake ja, mun canza raga, mun ƙara haƙora, kaka guda ta tafi a haka. Sai wani dattijo cikin tsofaffin masu sayen injinsa ya leƙa murfin ya ce "yara, ina fikafikan da Malam ya miƙar? Ai a gonata ya yi da guduma, a gabana, ya ce ciyawar tana saurin ficewa ba ta gama buguwa ba."

Kunga awo yana jikin inji, duk mai tef zai ɗauka. Dalilin awon ne baya jikin inji, yana kan wanda ya yi, in ya tafi shikenan. Kuma ba mu kaɗai abin yake samu ba. Hukumar NASA ta Amurka da ta kai mutum duniyar wata a 1969, rokar tana da manyan injina guda biyar a ƙasanta masu suna F-1, da hannu masu walda suka haɗa su. Zane-zanen suna nan a ajiye, amma 'yan dabarun da kowane mai walda ya yi ba duka aka rubuta ba, mutanen kuma sun tsufa wasu sun mutu. Wajen 2013 sai da matasan injiniyoyinsu suka sauko da tsohon injin suka wargaza shi gunduwa-gunduwa suna ɗaukar hotonsa da na'ura kafin su gane yanda aka yi. To in su ya same su, ina ga ni da kai da allinmu.

Ga yanda nake yi yanzu, mataki-mataki, kowa ya ɗau wanda ya dace da shagonsa.

Mataki na farko: sayi littafi tun kafin ka yanka ƙarfe

Littafi mai kwalin bango, irin wanda 'yan kasuwa suke rubuta bashi, ba na 'yan firamare mai shafi 40 ba. Kowane irin inji da littafinsa, na shinkafa daban na gyaɗa daban. Ka zauna ka sa wa shafukan lamba tun daga farko har ƙarshe, da biro zaka dinga rubutu, kuma kar a yage shafi ko da shirme aka rubuta, a ja layi ɗaya a kai yanda za a iya karantawa, saboda shirmen jiya wani lokacin shine amsar gobe. Kwanan wata a saman duk abin da aka rubuta. Da Hausa zaka rubuta, ba jarrabawa bace. In kai ko babban yaronka ajami kuka fi sakewa da shi ku rubuta da ajami, lambobi ne kawai nake ba da shawarar a yi da na boko dan masu kasuwa su gane.

Shafin farko ba zane bane, buƙatar mai aiki ce. Waye zai yi aiki da injin, wane amfanin gona, buhu nawa yake so a wuni, wane inji gare shi na fetur ko na dizal, da me za a dinga kai shi gona, amalanken shanu ko kurkura ko mutum huɗu ne zasu ɗauka su bi kan gaɓar fadama. Wannan na ƙarshen kar ka raina shi, faɗin firam ɗinmu gaba ɗaya daga faɗin bayan kurkura ya samo asali, wanda bai sani ba zai zo ya ƙara faɗi dan inji ya fi zama daram, ranar lodi a tsaya ana kallon-kallo.

Mataki na biyu: kowane inji da sunansa da lambarsa

Mu muna cewa BS, wato bugun shinkafa. BS-1 shine na farko, da muka canza ganga ya zama BS-2, haka har yanzu muna BS-4. Bayan wannan kowane guda da ya fita yana da tasa lambar, misali BS-4/07, na bakwai kenan a irin BS-4. Ka buga ta a jikin firam da ƙarfen buga lamba, in babu ka rubuta da walda, fenti gogewa yake. A bayan littafin ka buɗe shafi: lamba, ranar fita, garin da ya tafi, injin da aka ɗora masa. Amfaninsa ranar da mutum zai kira daga Auyo ko Ringim yace shaf, wato sandar ƙarfen da take juyawa, ya karye a aiko da wani, sai kace Alhaji duba ƙafar gaba ta dama karanto min lamba, ka buɗe littafi ka yanka masa daidai ba sai ya ɗauro inji a mota ba. Doka ɗaya ce a nan: in an canza awon da zai sa kayan wancan bazai shiga wannan ba, lamba ta canza.

Mataki na uku: zane da awo da jerin kayan saye

Ba sai ka iya zanen 'yan jami'a ba. Kowane ɓangare shafinsa guda, ka zana shi ta gaba, ta gefe, ta sama, ka sa awo. Abubuwan da na ga suna kayar da mutane su zan tsaya a kai.

Na ɗaya haɗa inci da milimita. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, ni milimita na zaɓa, fuli da bel ne kawai nake bari a inci tunda haka ake sayar da su, kuma ina rubuta kalmar inci ɓaro-ɓaro a gefe. Inci ɗaya milimita 25.4 ne ba 25 ba, wannan ɗigo huɗun ya isa ya ɓata maka wuni. Boris, wato abin da shaf yake juyawa a ciki, mai gida UCP205 raminsa milimita 25 ne cif, in ka sayo shaf na inci ɗaya bazai shiga ba, nasa shine UCP205-16. Sau nawa yara suka dawo daga kasuwar Ƙofar Ruwa da wanda ba shi ba, kuɗin mota ya tafi, wuni ya tafi. Ka koya musu karatun lambar ma: daga 04 zuwa sama, lambobi biyun ƙarshe sau biyar shine ramin, 6204 milimita 20, 6205 25, 6206 30.

Na biyu awon huji. Daga tsakiyar huji zuwa tsakiyar huji ake aunawa, kuma duk daga gefe ɗaya zaka dinga jawo tef, ka nuna gefen da kibiya a zanen. In kana aunawa daga wannan huji zuwa na gaba zuwa na gaba, 'yan kurakuran suna taruwa, kafin ka kai ƙarshe noti ya ƙi shiga.

Na uku kaurin ƙarfe. Kar ka rubuta "angul inci ɗaya da rabi" ka yi shiru, rubuta 40 da 40 kauri 4, kuma ka sayi kalifa, abin awon nan mai baki kamar sifana, ka dinga zuwa da shi kasuwa, dan abin da ake kira da baki da abin da kalifa take nunawa ba kullum suke haɗuwa ba. Haka farantin ƙarfe, 1.5 ne ko 2 ko 3. Bel ka rubuta harafi da lamba, A bayansa wajen milimita 13 ne, B wajen 17, ba sa zama a fulin juna yanda ya kamata. Har tsinken walda ka rubuta, geji 12 ne mai 2.5 ko geji 10 mai 3.2, da inda aka yi amfani da kowanne.

Sai hoto. Kafin ka rufe duk wani wuri da ido bazai sake gani ba, cikin ganga, ƙarƙashin raga, gidan fanka, ɗau hoto da tef a shimfiɗe a jiki, da 'yar takarda mai lambar injin a cikin hoton. Hoton da ba tef ba lamba bayan wata shida ado ne kawai.

Kar wani ya raina zane. Irin injin bugun nan da ciyawa take shiga ta gefe ɗaya ta zagaya ta fita ta ɗaya gefen, cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke ƙasar Filifin ce ta fito da shi a shekarun 1970, ta raba wa ƙananan maƙera zanen, suka yi ta ƙerawa suna gyarawa daidai da gonakinsu har ya bazu ƙasashe. Takarda ce ta yi wannan tafiyar.

Mataki na huɗu: rubuta dalili, nan ne zuciyar maganar

In duk sauran sun maka yawa ka riƙe wannan. Duk ranar da aka canza wani abu a inji, ko aka zaɓi wani awo aka bar wani, kafin a rufe shago a amsa tambaya huɗu a littafi. Me aka canza, daga nawa zuwa nawa. Me ya sa. Me aka gwada aka bari. Me zai faru in wani ya mayar da shi yanda yake da. Layi biyar ko shida ya isa, kuma ranar za a rubuta, dan wallahi bayan sati biyu kai da kanka zaka fara ƙirƙirar dalilin da ba shi bane, ƙwaƙwalwa haka take, tana son gyara labari.

Ga misalin yanda shafin yake a namu littafin: "BS-3. Fulin ganga daga inci 16 zuwa 18, fulin inji yana nan inci 4. Dalili: shinkafa tana ɓarewa tana karyewa in ta bushe sosai, masu saye suna rage kuɗi. Mun gwada rage wutar inji kawai, sai ya dinga shaƙewa in an cusa ciyawa da yawa. Mun gwada 20, ba ta buguwa sosai in da raɓa. Kar a sa ƙasa da 18 in ba an canza fulin inji ba."

Kuma ka rubuta lissafin a ƙasa dan wanda zai zo baya ya iya sarrafa shi da kansa. Juyin ganga a minti shine juyin inji sau faɗin fulin inji, a raba da faɗin fulin ganga. Injin fetur irin GX390 mai doki 13 ƙarshen gudunsa 3600 ne a minti, mu ce ana aiki da shi a 3000. 3000 sau 4 a raba da 18, kusan 667 kenan. Yanzu yaro ya je kasuwa babu 18 ya ɗauko 14 yace oga ai duk fuli ne: 3000 sau 4 a raba da 14, 857, kaga an koma gidan jiya har an wuce. In kuma mai gona ya ce shi injin dizal gare shi mai juyi 2000, sai ka sa masa fulin inci 6, 2000 sau 6 a raba da 18, 667 ɗin dai. Wanda ya gaji awo kawai zai ɗora inci 4 a kan dizal ganga ta dinga juyawa kamar mai jin barci. Wanda ya gaji dalili ya san 667 ake nema. Ka kuma rubuta faɗin gangar kusa da wannan lambar, dan gudun bakin haƙori ne yake bugun shinkafa, in ganga ta ƙara faɗi dole juyin ya ragu.

Wata dabara da ta taimake ni: biro biyu, ja da shuɗi. Duk awon da in an taɓa shi aiki zai lalace, kamar tazarar haƙori da raga, karkatar fikafikan nan, girman hujin raga, da ja nake zagaye shi in rubuta lambar shafin da dalilinsa yake. Wanda kuma ba komai, tsawon ƙafa, faɗin tiren zuba ciyawa, shuɗi, kowa ya yi yanda ƙarfen da ke hannu ya ba shi. Yara suna jin daɗin wannan sosai dan sun san inda zasu sake da inda zasu tsaya su tambaya. Da Baba ya zagaye fikafikan nan biyu da ja, da ba mu yi asarar kaka ba.

Mataki na biyar: abin da ya lalace ma ilimi ne, kar ka sayar wa 'yan gwangwan tukunna

Mun fi son rubuta nasara, kunya muke ji mu rubuta cewa mun yi abu ya karye. To wanda ya karye ɗin shine ka biya kuɗinsa da tsada. Shaf ya karye, walda ta tsage, boris ya ƙone, ɗau hoton bakin karayar, ɗaura masa kwali da waya ka rubuta lambar inji da ranar, ka ajiye a kwando guda a lungu ko na shekara ɗaya ne. Sannan ka bi dalili. Mutanen kamfanin Toyota na Japan suna da wata al'ada da injiniyansu Taiichi Ohno ya yaɗa, a tambayi "me ya sa" har sau biyar. Mun gwada da boris ɗin gefen fuli da yake yawan mutuwa. Me ya sa ya mutu, zafi yake. Me ya sa yake zafi, bel ya ɗaure da yawa. Me ya sa ake ɗaure shi haka, yana santsi. Me ya sa yake santsi, fuli biyun basa kan layi ɗaya. Me ya sa, saboda kujerar inji hujinta zagayayye ne ba dogo ba, babu wurin matsawa a daidaita. Kaga da mun tsaya a tambayar farko da cewa zamu yi boris ɗin jabu ne mu yi ta zagin 'yan kasuwa, alhali laifin yana kan teburinmu.

A ƙarshen littafin ka ware shafi biyu ka sa musu suna "abin da ba a sake yi". Duk sabon yaro ya fara karanta nan.

Mataki na shida: gwaji da lissafi, ba "yayi kyau" ba

"Yayi kyau" ba awo bane. In za a gwada inji a rubuta irin shinkafar, FARO 44 ce da muke ce wa sipi ko jamila ce, yaushe aka yanke, da safe ne da raɓa ko da rana tsaka, mutum nawa ke zubawa. Sa agogon waya, minti nawa buhun shanshera ya cika, fetur lita nawa ya sha. Shimfiɗa tamfol a bakin fitar ciyawa, bayan buhu ɗaya ka kakkaɓe ciyawar ka auna abin da ya zube da gwangwani, shine asararka. Ɗebi hannu ɗaya daga buhu ka ƙirga ɓararru da karyayyu. In da hali sayi 'yar na'urar auna juyi ta hannu, tana raba gardama da yawa. Mai injin gyaɗa shima haka, ya rubuta iri, dan SAMNUT 24 da manyan gyaɗa ba raga ɗaya suke so ba.

Kuma abu ɗaya ake canzawa a gwaji ɗaya. Mu lokacin ruɗewarmu fuli da raga da haƙora muka canza rana guda, da abin ya ɗan gyaru ba wanda ya san wanne ne ya gyara.

Bayan kaka ka kira duk wanda ya sayi inji, ko ka tare su ranar kasuwa, ka tambaya me ya fara lalacewa, kuma me suka canza da kansu. Wannan tambayar ta biyu zinariya ce, manomi da mai gyaran ƙauye suna yin gyaran da kai baka taɓa tunani ba, ka je ka gani da idonka ka rubuta.

Mataki na bakwai: ilimin da yake hannu

Akwai abin da biro baya kamawa. Yanda ake ɗiga walda a kusurwa huɗu a auna a ga firam bai karkace ba kafin a bi da cikakkiya, da wane gefe ake farawa dan zafi kar ya ja ƙarfe. Yanda ake daidaita nauyin ganga, a ɗora ta kan boris a juya a barta ta tsaya da kanta, a sa alli a ƙasa, a sake juyawa, in kullum wuri ɗaya take tsayawa nan ne nauyi, a ɗiga ƙarfe a ɗaya gefen har ta dinga tsayawa ko'ina. Ƙarar da inji yake yi in lafiya lau yake. Waɗannan bidiyo ake musu, yaro ya riƙe waya kai kana yi kana magana, minti uku zuwa biyar, a farkon bidiyon ka faɗi lambar inji da kwanan wata da bakinka.

In akwai dattijo a shagonku ko a garinku da ya san aikin, kar ka zaunar da shi kace Baba faɗa min duk abin da ka sani, zai ce ba komai ai, Allah ne ke yi. Kai masa aiki, ka tsaya kusa, in ya yi wani abu kace Baba me ya sa aka yi nan haka, ka nemi izininsa ka kunna rikodin. Da shayi da goro a gefe. Da daddare ka saurara ka kwashe a littafi, dan murya a waya wuyar nema gare ta.

Sai samfur. Duk farantin da ake yankawa mai lanƙwasa ka yanka samfurinsa da falle mara kauri, kwali yana jiƙewa gara tana ci. Firam kuma ka yi masa gadon haɗi, wato ƙarafan da aka kafe a tebur da zaka jera angul a ciki su zauna daidai kafin walda. Kowane samfur a rubuta masa lambar inji a rataye a ƙusa. In an koma BS-4, samfuran BS-3 a ɗaure su da waya a kai ciki, kar a barsu rataye tare, mun taɓa yanka gefe ɗaya da sabo ɗaya da tsoho.

Mataki na takwas: ajiya wuri uku

Littafi a leda, cikin akwatin ƙarfe, a sama ba a ƙasa ba. Gara da ɓera da yoyon damina basa tambaya, 'yan uwanmu na Jigawa kuma da suka ga ambaliyar 2022 sun fi ni sanin abin da ruwa yake yi wa takarda. Duk ranar Alhamis kafin a tashi a ɗau hoton sababbin shafuka. In ta WhatsApp zaka tura wa kanka ka tura a matsayin fayil, in ba haka ba yana matse hoto ƙananan lambobi su dushe. Google Drive yana ba da 15GB kyauta, ka buɗe jaka da sunan kowane inji, in ka shiga gari inda sabis yake da ƙarfi ka ɗora. Sau ɗaya a shekara a yi fotokwafin littafin a kai gida. Kuma lambar sirrin wayar da ta imel ɗin mutum ɗaya amintacce ya sani, ɗanka ko ƙaninka ko uwargida, in ba haka ba ka sake yin irin ta Baba ne da waya mai tsada.

Nasan abin da wasu suke cewa a ransu: in na rubuta komai yaro zai kwashe ya je ya buɗe nasa shagon. Gaskiya ce, yana faruwa. Amma ai ranar da ka sayar da inji ka sayar da awonsa, duk mai tef zai kwafa. Abin da nake yi, zane da jerin kaya suna shago kowa ya duba, littafin dalili da gwaji na ware shi daban yana gida, babban yaro kaɗai yake gani, in ya kusa yaye kuma in buɗe masa gaba ɗaya, tunda ko ba komai sunana zai ɗauka ya tafi da shi, gara ya yi aikin da ba za a zage ni ba.

In ɗaliban manyan makarantun Kazaure ko Wudil ko Haɗeja sun zo koyon aiki na 'yan watanni, ka basu littafin zane su mayar maka a kwamfuta, akwai manhajar FreeCAD kyauta ce. Sharaɗi biyu: kar su gyara ko awo ɗaya ba tare da sun tambaya ba, dan suma suna da cutar miƙar da abin da aka karkatar da gangan, kuma su bar maka fayil ɗin da bugaggen kwafi kafin su tafi.

Mataki na tara: jarraba littafin

Wannan shi zai nuna maka ko aikin ya yi. Zaɓi ɓangare ɗaya, mu ce gidan fanka, ka ba yaro na tsakiya littafi da samfur kace ya haɗa, kai kuma ka tafi Wudil ranar Juma'a cin kasuwa. Ka ce masa duk inda ya tsaya kar ya yi hasashe, ya rubuta tambayar a takarda. Ranar da na fara yi na dawo na tarar da tambaya goma sha ɗaya, ciki har da ta wane gefe fanka take juyawa, abin da ni ban taɓa tunanin rubutawa ba saboda a ganina kowa ya sani. Kowace tambaya rami ce a littafin, ka cike ta a daren da biro, bayan wata biyu ka ba wani yaron daban. Karo na biyu tambaya uku na tarar. Yanzu muna kan murfin ganga, shi na bari ƙarshe da gangan, fikafikan nan biyu suna shafi na 31 zagaye da jan biro, da sunan garin dattijon da ya tuna mana a ƙasa.